Yadda Na Bar Giyar Da Ban Taɓa Sha Ba

Abin da ya sa na keɓe wa wannan magana babi guda shi ne, kwanakin baya Hauwa ta dawo daga biki a Kudan ranta a ɓace. Wai wata tsohuwa ce ta riƙe mata hannu tana ta sa albarka, tana cewa ashe ke ce 'yar mashayin nan da Allah ya shirya. To, ki saurara Hauwa, ke da 'yan'uwanki. Ubanku bai taɓa kai giya bakinsa ba, ko warinta ban sani ba sai a bakin wasu. Amma tsohuwar nan ba da gangan ta yi mini ƙarya ba. Shekara huɗu cur na yi ina buguwa a kasuwannin ƙasar nan, daga Ikara zuwa Maƙarfi, daga Ɗandamisa zuwa Kudan, da rana tsaka a gaban jama'a, kuma hukuma ce ke ba da motar da ke kai ni.

Ku kun san jikina, amma bari in kwatanta saboda jikokin da za su karanta bayan ba ni. An haife ni ban yi kuka ba sai da aka jima. Ƙafafuna ba su taɓa yin shawara da juna ba, in ta dama ta nufi masallaci, ta hagu kasuwa take so. Hannun dama a lanƙwashe yake a ƙirji kamar na ɓoye wani abu, wuyana a karkace, magana kuwa sai na yi kokawa da ita kafin ta yarda ta fito. 'Yan unguwa suka ce shan inna ce, wasu suka ce iska ce ta shafe ni. Sai da na yi gemu wani likita a Zariya ya ce numfashin da ya makara ranar haihuwa ne ya taɓa wurin da ƙwaƙwalwa ke sarrafa gaɓoɓi, amma wurin tunani lafiyarsa lau. Na ce masa, likita, wannan na biyun ka rubuta mini a takarda, akwai mutanen da nake son nuna wa. Kakanku Malam bai jira takardar likita ba. Ya zaunar da ni gabansa har na sauke Alƙur'ani, ya sa ni firamare, da na girma ya kafa mini tebur a bakin tashar Ikara ina sayar da goro da sabulu da sukari.

Sai soja suka karɓi mulki, aka shiga tsuke bakin aljihu. Sabulu ya ɓace, madara ta ɓace, sukari ya zama abin da ake ba da labarinsa. In kaya sun zo sai a yi layi tun hantsi, ga soja da bulala yana gyara layin, wanda ya kauce ya yi tsallen kwaɗo. Teburina ya koma ashana da goron da ya fara yaushi. A lokacin ne aka ce za a koya wa ƙasa ɗa'a, aka nemi ƙungiyoyin wasan kwaikwayo su zaga kasuwanni suna nuna wa talakawa amfanin bin layi da shara da barin shaye-shaye. A Ikara mai riƙe da ƙungiyar shi ne Malam Bitrus, malamin firamare daga kudancin Kaduna, mutum mai son wasa kamar ransa. Wata rana ya tarar da ni ina cacar baki da wani direba da ya ci goro ya hana kuɗi, tasha duk ta taru tana dariya, direban ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce in zo gwaji. Na tafi ina ta murna, a zatona bakina aka gani. Ina isa ya miƙo mini wata kwalba kore.

"Haladu, kai ba sai an koya maka komai ba. Riƙe wannan kawai, ka taho daga gindin ɗorawar can."

Ashe ƙafafuna aka gani.

Wasan ba shi da wuya. Mutane na layin sabulu, mashayi ya zo ya watsa layin, ɗan doka ya kama shi, alƙali ya yanke masa bulala, a tsula masa da igiyar tsumma, jama'a su watse da darasi. Ni ne mashayin, abin da ke cikin kwalbar ruwan tsamiya ne, kuma duk wasan ba ni da magana ko ɗaya sai shaƙuwa. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗinsa. Tun ina yaro ake mini dariya a bayan ido, ga shi yanzu ana yi a gabana, da izinina, a kuma tafa mini. Kowace fita ana ba mu ɗan abin sawa a aljihu da sandar sabulu guda, a shekarar da alhazai ke wanka da toka. Sunana ya ɓace, daga Ikara har Kudan ba wanda ya san Haladu, sai Tangaɗi. A gida kuwa Malam bai taɓa hana ni ba, amma yana da irin tasa maganar. Wata safiya ina gaishe shi ya ɗago kai daga littafi.

"An ce jiya ka bugu a Maƙarfi."

"Wasa ne, Malam."

"Ni na sani. Abokina na Ɗandamisa ne bai sani ba. Ga rubutun sha can ya aiko maka na barin giya, har da ta'aziyya gare ni."

Kakarku Iya tana bakin murhu ta cafe.

"Malam, ƙyale mini yaro. Rawanin da ke kanka da sabulun buguwar nan aka wanke shi."

Malam ya taɓa rawanin, ya koma karatunsa.

A kasuwar Kudan na haɗu da uwarku. Tana sayar da mazarƙwailar babanta a gefen filin da muke wasa. Bayan an gama mini bulala ina zaune ina huci, sai ga wata yarinya ta tsaya a kaina ta miƙo gutsuren mazarƙwaila.

"Bawan Allah, jefa wannan a kwalbar taka, na ga kana yamutsa fuska in ka kurɓa."

Na ce mata, da kyar kamar kullum, ba ta tsoron mashayi? Ta jira har na kai ƙarshen maganar, abin da mutane da yawa ba sa yi.

"Wane mashayi? Sau uku ina kallonka. Duk tangaɗin nan ba ka taɓa taka kayan kowa ba."

Ran nan na koma Ikara ban san motar tana da gargada ba. Bayan wata biyar ina neman dalilin zuwa Kudan ko ba wasa, Malam ya tura ƙaninsa da goro wurin babanta, Baba Ɗanjuma mai mazarƙwaila. Baba Ɗanjuma ya karɓe su da mutunci, ya ce a ba shi lokaci ya yi bincike kamar yadda aka saba. Ya ɗora aikin a kan ƙaninsa Kawu Sule, wanda kuka sani da tsufansa, mai ɗaukar kowane aike kamar an aike shi yaƙi. Da ya zo unguwarmu ya tambayi maƙwabta, da magana ta ƙare. Sai ya ce maƙwabci ba ya faɗin aibin maƙwabci, shi kasuwa zai bi, inda ba a jin kunyar kowa. Ya bi kasuwa uku yana tambaya ko an san ɗan Malam na Ikara mai tebur a tasha. Ku zo ku ji shaida. Wani mai rake a Maƙarfi ya rantse da idonsa ya ga an yi mini bulala a gaban alƙali har sau huɗu ban daddara ba. Wani ya ce ai abin ya yi nisa, ya gan ni ranar Juma'a ina shiga masallaci ina tangaɗi. Wata mai fura ta ce ita tausayin uban take ji. Ba wanda ya ƙi ni a cikinsu, duk masoyana ne, su ne masu tafa mini. Kwana goma aka dawo mana da goronmu, da saƙon cewa gidan Ɗanjuma ba a ba mashayi 'ya.

Na yi kuka, ba na ɓoye muku. Na kwana biyu ban fita tebur ba. A rana ta uku na ji labarin za mu sake wasa a Kudan mako mai zuwa, sai na tashi na nufi gidan Malam Bitrus. Na same shi yana gyaran keke. Na ce masa a Kudan ni zan yi alƙali. Ya ajiye sifana ya dube ni, ya ga ba wasa a fuskata.

"Haladu, alƙali fa kwarjini ake nema. Kana shigowa za a fashe da dariya."

"A yi. In na zauna za a gaji."

"Maganar alƙali tana da yawa, kai kuma..."

"Ni kuma na sauke Alƙur'ani da bakin nan, Malam. Izu sittin ya fi wasanka tsawo."

Ya sake ɗaukar sifana. Ya ce jami'in da ke kula da mu daga sakatariya zai je ran nan, in ya ce mun yi wa kotu ba'a a wannan zamani na soja, ba wanda ya san inda abin zai tsaya. Na ce na ji, amma ni ma aurena ne a kan layi, kuma kwalbarsa ce ta watsa shi. Ya daɗe yana juya fedar keken da hannu. Can ya ce shi ma da ya zo Ikara shekara uku ana ce masa malamin mishan kafin wani ya tambayi sunansa. Ya ce in je in yi, zai gaya wa Lawal Dogo, mai yin alƙali kullum, mu yi musaya, Lawal ya ɗauki kwalbar.

Da safen ranar Malam ya kira ni ɗakinsa. Ya ciro babbar rigarsa ta Sallah ya zura mini, ya naɗa mini rawani da hannunsa, yana bin karkatar wuyana har ya zauna daidai. Iya tana leƙe tana share ido da gefen zani, tana cewa hayaƙi ne, alhali ba a hura wuta ba.

"In ka zauna kada ka yi sauri," in ji Malam. "Alƙalin kirki ba ya sauri. Kai kuwa Allah ya riga ya hutar da kai wannan wahala."

Kasuwar Kudan ta cika ran nan, lokacin rake ne. Na hango uwarku a bayan farantinta, na hango Kawu Sule a sahun gaba da sandarsa, can baya kuma jikin wata rumfa ga Baba Ɗanjuma ya harɗe hannu. Aka yi shelar alƙali ya iso. Na fito. Malam Bitrus bai yi ƙarya ba, dariyar da aka yi har awaki suka firgita. Wani ya ɗaga murya ya ce yau shari'a ta bugu. Taku goma sha biyu ne daga motar zuwa kujera, kuma ban taɓa tafiya mai tsawonsu ba. Na kai, na zauna, na tattara rigar, na yi shiru ina kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Dariya ba ta da dogon numfashi in ba a ƙara mata itace. Suka gaji, suka yi tsit.

Sai ɗan doka ya jawo Lawal Dogo da kwalba. Abin da ban yi tsammani ba ke nan. Lawal bai taɓa ganin mashayi kusa ba, ni kaɗai ya sani. Ya lanƙwashe hannun dama a ƙirji, ya karkata wuya, ya jawo ƙafa yana murguɗa baki. Ni ne sak. Ban taɓa ganin kaina daga waje ba sai ran nan, kuma na ji abin har cikin ƙashina. Jama'a suka fara dariya, sai su dubi Lawal su dube ni, dariyar ta riƙa tsinkewa. Na ga in na bi maganar da aka tsara, na tashi a banza. Na ajiye ta gefe.

"Kai, kwalba nawa ka sha?"

Lawal ya dubi Malam Bitrus, bai samu taimako ba. Ya ce uku.

"Uku kacal? Ni shekara ashirin da shida ina gyara tafiyar nan, kuma kyauta aka ba ni. Kai ka saye ta da kuɗin cefane, ga shi ba ka ma iya ba."

Kasuwa ta ɗauka. Wannan dariyar daban ce, mai wasa ya san bambancin kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Na jira ta lafa.

"Hannun kuma fa? Giya ba ta lanƙwasa hannu. Wannan nawa ne ka sato. Ɗan doka, laifi ya zama biyu."

Lawal ya yi maza ya miƙe hannun, aka sake kwashewa. Na ce kotu ba ta hukunci sai an tabbatar da abin da ke cikin kwalba, don haka tana neman dattijo mai gaskiya wanda ya san bincike. Na nuna Kawu Sule. Na sani rashin kunya ne, kuma na roƙe shi gafara daga baya, ya yafe bayan shekara biyu. Jama'a suka turo shi gaba yana turjewa. Ya karɓi kwalbar da yatsa biyu kamar an ba shi kunama, ya shinshina, ya sake shinshinawa, ya yi bisimilla ya ɗan lasa.

"Tsamiya ce," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Ɗaga murya, Baba. Alƙalin ne mai ciwon baki, ba kai ba."

"Na ce tsamiya ce!"

"To jama'a ku shaida. Ita nake sha shekara huɗu."

Na yanke wa Lawal hukuncin ya taka daga nan zuwa layin masu rake da ƙafafun da Allah ya ba shi, a miƙe, kowane taku ya ce alhamdu lillahi. Ya tafi yana yi, yara na amsa masa. Ban taɓa jin tafi irin na ran nan ba.

Daɗin bai kai la'asar ba. Jami'in sakatariya ya kira mu bayan mota, yana magana da Malam Bitrus kamar ba na wurin. Ya ce alƙali mai karkataccen wuya zagin hukuma ne, in labari ya kai sama shi za a tambaya. Ya ce ko dai wannan ya koma kan kwalbarsa, ko ya bar motar gwamnati. Malam Bitrus ya buɗe baki zai roƙa, na riga shi. Na ce ranka ya daɗe, wannan yana da suna, kuma ya bar kwalba. Shi ke nan. Na rasa wasan da nake so, na rasa sandar sabulu a shekarar da ba a wasa da ita, Lawal Dogo ya daɗe ba ya amsa gaisuwata. Malam Bitrus ya ci gaba da ƙungiya, ban ga laifinsa ba, yana da iyali. Ina tsaye ina tunanin yadda zan koma Ikara, sai ga wasu mutum biyu daga wani ƙauye sun durƙusa a gabana, wai rikicin iyakar gona ne da su tun bara, tunda alƙali ya zo da kansa a taimaka a raba su. Na ce musu kotu ta tashi.

Ban gama da su ba Kawu Sule ya zo, ba ya ko kallona, ya ce yayansa na kira. Na bi shi bayan kasuwa inda ake matsar rake, ga tukwane na tafasa, ga ƙudan zuma ko'ina. Baba Ɗanjuma yana zaune kan buhu. Na tuɓe takalmi, na yi ta fama da jikina har na kai ƙasa, na gaishe shi, ya amsa, na sake gaishe shi. Ya sallami Kawu Sule. Ya daɗe yana ɓare rake da wuƙa bai sha ba.

"Ɗan Malam, ka san abin da ka yi mini yau?"

"A gafarce ni, Baba."

"Ni ban taɓa yarda kana sha ba. Na san gidanku. Tun ran da Sule ya dawo da labarin nan na san shirme ne."

Na ɗago kai, abin da bai kamata in yi ba.

"Na karɓa ne don ya hutar da ni. In na ce mashayi ne, kowa zai ce na kyauta. Ɗayan dalilin kuwa..." Ya dubi ƙafafuna, ya kawar da ido. "Yau ka ƙwace mini hujjata a gaban kasuwa. In zan hana ka yanzu, sai in buɗe baki in faɗi gaskiya. Na zauna nan ina gwada faɗinta, na ga ba da kai zan yi rigima ba, da wanda ya yi ka ne. Ni kuwa ban isa ba."

Na sunkuyar da kai. Hawaye na zuba kan rigar Sallar Malam.

"Yarinyar ma ta hana mu sakat a gida," ya ce. "Ka ce wa Malam ya sake turowa. Tashi in raka ka mota."

Don haka kada wani ya gaya muku kakanku na Kudan ya so ni tun ran farko. Bai so ba, kuma ya yi mini mutuncin faɗa mini da bakinsa, abin da ba kowa ke iyawa ba. Hanyar tasha ta tsakiyar kasuwa take, kuma akwai ta bayan gari wadda ba kowa. Ta tsakiyar ya bi. Mutum ne mai dogon taku, kowa ya san shi da sauri, amma ran nan ya rage tafiyarsa daidai da tawa, muna tafe kafaɗa da kafaɗa, masu rake da masu hatsi suna gaishe shi yana amsawa. Har muka isa bai riƙe ni ba, bai kuma wuce ni ba.